Kunnen Baballe da Gwangwanin Mudassiru

Matso nan, ja bencin ka zauna, ka kife wayarka a cinya na ɗan lokaci. Labarin wani mutumin garinmu zan ba ka, kuma ina so ka ji shi tun daga tushe. Idan ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure, ka wuce mu ko da ba ka sani ba. Mu ne garin da babban kanal ya bi ta bayansa, inda za ka ga an shanya shinkafa a kan tamfol har bakin titi. Sunan mutumin Baballe, amma idan ka tambaya haka kawai, mutum uku za a nuna maka. Sai ka ce Baballe Kunne. Shekara talatin wannan sunan yabo ne. Yanzu idan aka faɗe shi, sai ka ga mutane suna kawar da kai suna murmushi.

Mahaifinsa, Malam Ibrahimu, gadi ya yi a gidan wani Bature injiniya a Kadawa, lokacin da ake haƙa magudanan ruwan nan. Wata rana Baballe, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya kai masa abincin rana, sai ya ji mace tana waƙa a falo, ana kaɗa mata wani abu mai tsirkiya. Har jan numfashinta ya ji. Ya leƙa ta taga don ya ga baƙuwar, bai ga kowa ba sai Baturen a kujera ido a rufe, da akwatunan katako guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wani ƙarfe mai 'yar fitila. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, muryar ba daga akwatin dama take fitowa ba, ba kuma daga na hagu ba. A tsakiya take tsaye, inda babu komai sai bango. Ya sha ba mu wannan labarin, kuma duk lokacin da ya zo wurin nan sai ya nuna tsakiyar iska da yatsa, kamar har yanzu matar tana nan.

Da Baturen zai koma ƙasarsu, kayan suka yi masa nauyi, ya bar wa maigadi. Malam Ibrahimu ya duba akwatunan ya ga katako mai kyau, ya ce a ɓalle bayansu a riƙa ajiye irin albasa. Kwana biyu Baballe bai ci abinci ba, sai da aka ce ya kwashe su. Garinmu ba wuta a lokacin, don haka shekara bakwai kayan suna ɗakinsa ba su ce uffan ba, kullum yana goge su da tsumma. Sai da ya je Kano ya koyi gyaran rediyo, ya dawo da ƙaramin janareta, sannan ya ji muryarsu a karo na biyu.

Daga nan ya samo wani kafinta a Kura, suka ƙera manyan akwatuna huɗu a kan fasalin na Baturen. Waɗannan su ne na fili, da su yake zuwa mauludi da taron manoma da ɗaurin aure. Na ɗaki kuwa, wato na Baturen, ba sa ƙetare ƙofa. Kuma aikinsa ba irin na masu lasifikar da ka saba gani ba ne, waɗanda za su rataya ƙaho a bishiya su murɗa har ƙarshe. Shi tun kafin a shimfiɗa tabarmi yake zuwa. Zai zagaya filin yana tafa hannu yana sauraron inda tafin ke dawowa, ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska ta nufa. Sai ya sa abokinsa Dattijo, wanda suka tashi tare tun suna wanka a kanal, ya tsaya a gaban makirfo yana ƙirga ɗaya zuwa goma, shi kuma yana tafiya daga sahun gaba zuwa na ƙarshe, yana dawowa yana taɓa maɓallai. Yakan ce murya kamar ruwan ban ruwa ce, idan ka sake ta da yawa na kusa ya nutse, idan ka matse na nesa ya bushe.

Idan ka zauna da shi zai gaya maka sauti hawa uku ne. Akwai ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne, shi kuwa sai babban akwati mai tura iska. Akwai tsakiya, inda maganar mutum take zaune. Akwai sama, ɗan siririn nan da ke raba harafi da harafi a bakin mai karatu. Saboda wannan saman ne makarantar Islamiyyar garinmu ba ta taɓa yin walimar saukar Alƙur'ani ba sai da kayan Baballe. Shekara ashirin da bakwai yana yi musu, sadaka ga iyayensa. Baƙi daga Madobi da Dawakin Kudu sukan tambayi wa ya haɗa sautin nan.

To amma sauti ba kullum ake nemansa ba, gida kuwa kullum sai an ci. Aikinsa na yau da gobe a injin casar shinkafa yake, a Kura. Kuma ka ji yadda abu ke juyawa: saboda kyawun kunnensa ne mai injin ya ajiye shi dab da inji, domin Baballe daga ƙara kawai yake gane bel zai tsinke, ko tsakuwa ta shiga. Shekara ashirin da huɗu yana tsaye a wurin da ko sallama sai an yi da hannu.

Kunne idan zai tafi, saman nan ne yake fara ɗauka, kuma a hankali, ba ya sallama. Baballe bai san yana tafiya ba. Shi dai ya ga kayansa sun fara dushewa, sai ya murɗa maɓallin sama kaɗan. Shekara ta zagayo ya ƙara. Wata ta zagayo ya kai shi ƙarshe. Walima uku a jere, sautin da ke fita daga akwatunansa kamar ana wasa adda a kan dutse. Jarirai su yi ta kuka, mata su danna mayafi a kunne, dattawa su yi ta gyara zaman hula. Ana tashi kuma kowa sai ya je ya miƙa masa hannu ya ce sannu da aiki, Malam Baballe, sauti ya yi.

A garinmu ba a duban babba a ce masa jikinsa ya gaza. Ba a yi. Matarsa Zuliha ta sani, sai ta daina kiran sa daga tsakar gida, ta koma zuwa ta dafa kafaɗarsa. 'Yarsa Muhsina ta sani, sai ta koyi tsayawa a gabansa idan za ta yi magana, don ya ga bakinta. Mu ma a majalisa mun sani, muka riƙa ɗaga murya muna yi kamar haka muke magana da ma. Mun ɗauka mutunci muke yi masa.

Muhsina ita ce autarsa, shekararta goma sha shida. A ɗakin nan ta koyi karatu, a gaban makirfo, ubanta yana zaune tsakanin akwatunan biyu yana gyaɗa kai. Tun da ta shiga makarantar ba a taɓa jin malami ya gyara mata harafi ba. Shekarar da nake ba ka labarinta ita ce shekarar saukar Muhsina, kuma ita aka zaɓa ta buɗe taron da karatu. Wata biyu kafin ranar Baballe ya fara shiri. Ya canza wayoyi, ya sake fentin akwatunan fili. Ya gaya wa Zuliha cewa idan ya kai muryar yarinyar nan har sahun ƙarshe, to ya gama, ko daga ranar ya ajiye aikin ba komai.

Sai ga Mudassiru. Ɗa ne ga Usaini ƙanin Baballe, mutum ɗan shekara talatin mai shagon waya a Kura, wanda ya tashi yana shiga ɗakin Baballe yana fita. Ya je Kano ya dawo da wata sifika mai jin magana, girmanta kamar babban gwangwanin tumatir. Ba ta da maɓallin kirki. Kiran ta ake yi da Turanci, wata fitila ta zagaya samanta, muryar mace ta amsa. Ka tambaye ta ko za a yi ruwa gobe ta faɗa maka, ka ce ta sa maka karatun wane ta lalubo a intanet ta sa. Kuma a cikin ɗan shagon nan, gaskiya, sautin yana da daɗi. Ya cika, yana da nauyi, ba ka cewa daga ɗan wannan abin yake fitowa. Mutane suka riƙa tsayawa daga kasuwa don kawai su ji.

Wata rana Baballe ya biya bayan ya tashi daga inji, dusa duk a gira. Mudassiru ya ba shi kujera ya kunna masa. Ya saurara ɗan lokaci, sannan ya juya ga mutanen da ke tsaye ya yi musu karatu. Ya ce abin nan ƙarya yake yi musu, sai dai ya iya ta. Ƙirjin da suke ji ba ƙirji ba ne, kumbura shi aka yi, bangon shagon ne ke taya shi. Baki ɗaya gare shi, don haka ba dama ba hagu, ba zai taɓa tsayar maka da mai karatu a tsakiyar ɗaki ba. A fitar da shi fili a ji, sauro ma ya fi shi. Da zai tashi ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, "Ɗana, idan tumatirin ciki ya ƙare, ka kai wa gwaggonka gwangwanin ta riƙa awon gero."

Aka yi dariya. Mudassiru ma ya yi, ya ce Allah ya ja kwanan Baffa. Amma ya ajiye maganar a ransa.

Shugaban makarantar, Malam Isma'ila, mutum ne mai sanyin hali da ba ya son ɓacin ran kowa. Ya daɗe yana neman yadda zai raba taron bana da ƙarar nan, ga manyan baƙi za su zo daga Kano, amma bakinsa ya kasa. Mudassiru ne ya kawo masa mafita. Ya ce ba sai kowa ya ce wa Baffa komai ba. A yi gwaji a bayan labule, a kunna wannan a kunna wancan, Baffa da kansa ya zaɓi wanda ya fi, abin da ya zaɓa da shi za a yi walima. Malam ya ji daɗi, domin ta haka babu wanda zai yi rashin kunya. Aka aiki Dattijo da saƙon. Baballe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda, kuma ba na fili zai kawo ba, na ɗaki zai kawo, yara su ji abin da ake kira sauti sau ɗaya a rayuwarsu.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka turo su a amalanke, an lulluɓe su da bargo. Shekara arba'in da wani abu rabon akwatunan nan da ganin rana. Aka shiga wani aji, aka ɗaura tamfol daga taga zuwa taga. Mu kusan ashirin ne a kan bencina, ina cikinsu. Baballe ya shiga bayan tamfol ya haɗa kayansa da hannunsa, ya saita maɓallansa, ya gwada. Duk muka runtse ido don zafin ƙarar, shi kuwa ya fito yana goge hannu ya zauna a bencin gaba. Mudassiru ya shiga, Dattijo ya bi shi a matsayin shaida.

Abin da Mudassiru ya yi a ciki ba wani babban abu ba ne, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Maɓallin sama na kayan Baballe ya mayar tsakiya, inda ya zauna shekara da shekaru har fentin wurin ya goge. Gwangwaninsa kuma ya shiga waya ya tura samansa har ƙarshe. Ya san kunnen baffansa fiye da yadda baffan ya san shi.

Aka kunna na farko. Karatun wani alaramma ne, da murya ƙasa-ƙasa. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Tamfol ɗin kamar ya ɓace, mutumin kamar yana zaune a tsakiyar ajin, kana jin inda ya haɗiye yawu, kana jin faɗin masallacin da aka ɗauki muryar a ciki. Wani dattijo a gefena ya fara bin karatun a hankali bai sani ba. Malam Isma'ila ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan aka kashe.

Baballe ya taɓe baki. Ya juyo ya dube mu ya ce mun ji ko, kamar mutum yana magana daga cikin rumbu. Ba harafi, ba haske, sai gunji. Ya ce wannan shi ne gwangwanin, kuma ma ya yi ƙoƙari.

Aka kunna na biyu, aya ɗaya da ta farko. Siriri, mai kaifi, daga wuri ɗaya kamar ta hudar ƙofa. Fuskar Baballe ta washe. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa yana nuna tsakiyar iska. Ya ce mu ji yadda kowane harafi ya tsaya da ƙafarsa, mu ji aikin katakon da ya shekara hamsin yana bushewa. Ya ce irin wannan ba a yin sa yanzu.

Daga bayan tamfol Mudassiru ya ce, "Baffa, ko a sake maka? Kada a ce an yi maka gaggawa."

"Ba sai an sake ba. Na biyun nawa ne. Da shi za a yi wa 'yata sauka."

Dattijo ya kwance igiyar, tamfol ya faɗi. Mudassiru ya sake kunna na biyun a gaban idonmu, fitilar gwangwanin tana zagayawa. Dattijo ne ya fara fashewa da dariya, irin ta abokin wasa, yana dukan cinya. Sai ajin ya ɗauka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye maka ba. Wayoyi uku ko huɗu suna sama tun farko suna ɗauka.

Baballe ya tashi a hankali ya je gaban kayansa. Ya ce a kunna na farkon. Aka kunna. Ya kara kunne a jikin akwatin dama, ya koma na hagu. Sannan ya duba maɓallin ya gan shi a tsakiya, a kan gogaggen fentin da yatsansa ya cinye. Ya daɗe yana kallon sa. Mutum ne mai saurin gane abu, ba sai an yi masa bayani ba. Ya juyo ga Malam Isma'ila ya tambaye shi, da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin, tun yaushe. Malam ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. Dattijo ne ya amsa, yana share hawayen dariya.

"Shekara uku, Kunne. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Ka lura da wani abu. Mu ashirin ɗin nan duk mun ji na farko, mun san ko kusa gwangwanin bai kama ƙafarsa ba. Da wani ya buɗe baki ya ce a bar wa Baballe kayansa, a sa mai kunne ya riƙa saita masa maɓalli, da magana ta ƙare a nan. Babu wanda ya ce. Abin da aka yi ta maimaitawa a hanyar gida shi ne, ai mai kaya da kansa ya zaɓa. Dariyar ta fi mana daɗi.

Kafin Juma'a bidiyon ya kai Bunkure, ya kai Kwanar Gafan wajen masu tumatir. An yanke shi daidai inda ya rufe ido yana nuna iska da yatsa. A wajen inji, masu ɗaukar buhu suka riƙa wucewa ta gabansa ido a rufe yatsa a sama. Wasu sukan tsaya su motsa baki ba tare da sun ce komai ba, don su ga ya matso da kunne. Bai fasa zuwa aiki ba. Zuliha ta ce a gida bai sake buɗe ɗakin ba, abu ɗaya kawai ya roƙa, a gaya wa Mudassiru ya gwada kayansa a filin kafin ranar, da mutum mai karatu, ba da waya kawai ba. Saƙon ya je. Mudassiru ya ce a gaishe da Baffa, a ce masa komai yanzu da kansa yake saita kansa.

Ranar Lahadi da hantsi aka cika filin makarantar. Rumfuna shida, maza a gabas mata a yamma, ɗalibai cikin fararen kaya da allunansu masu zayyana. Iska tana tasowa daga gonakin shinkafa ta ƙetare kanal. Mudassiru ya samo gwangwanaye huɗu ya ɗaure a jikin ƙarafan rumfa, ya haɗa su da waya, wayar ce makirfo. Tun a jawabin maraba aka ga alama. Daga sahu na huɗu ba ka jin komai sai ɗan ƙis-ƙis, iska ta kwashe sauran. Kuma maganar ba ta fitowa lokacin da aka yi ta, sai ta ɗan makara, kamar mai bin liman a baya. Masu jawabi ba su damu ba, suna faɗar kalma biyu su tsaya.

Baballe yana can sahun ƙarshe, cikin sabuwar shaddar da ya ɗinka don ranar. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa zama a taron nan ba.

Aka kira Muhsina. Ta fito ta zauna a kan darduma, aka riƙe mata wayar a gaban baki. Ta yi bisimilla lafiya. Ta shiga ayar farko, sai muryarta ta dawo mata daga kusurwa huɗu a makare, tana kan kalma ta uku kunnenta yana jin ta farko. Duk wanda ya taɓa jin haka ya san harshe ba ya iya tafiya. Ta ja harafin da ba a ja, ta tsaya. Malamin da ke gefenta ya gyara mata, gyaran ma ya fita ta sifika. Ta sake ɗaukowa, ta maimaita kalma sau biyu. Ya sake gyarawa. Aka fara ƙus-ƙus a rumfar mata.

Ubanta ba ya jin abin da take karantawa, amma yana ganin bakinta, kuma ya san wannan bakin. Ya ga ta rufe shi, ɗan abin da ke isowa kunnensa yana ci gaba. Nan take ya gane. Ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa.

"Ku kashe shi. Yana dawo mata a baya. Ku kashe, ta karanta da bakinta."

Duk filin ya waiwayo. Wani ya rufe ido ya ɗaga yatsa sama, sahun baya ya kwashe da dariya, ta bi sahu-sahu har gaba. Dattijo ya jawo gefen rigarsa ya ce, "Zauna, Kunne. Kai da ba ka ji, me ka ji?"

Muhsina ba ta ga abin da ya faru a baya ba. Ita dai ta yi kuskure sau biyu a gaban garinsu da baƙin Kano, sai ta ji fili ya ɗauki dariya. Ta ja hijabi ta rufe fuska, ta tashi ta shige cikin 'yan'uwanta. Aka kira wata yarinya, Ummul-Khairi. Kafin ta fara, Malam Isma'ila ya yi wa Mudassiru wata 'yar alama da hannu, ya kashe kayan shiru-shiru. Yarinyar ta karanta da bakinta, sahu uku na gaba suka ji, baƙi suka ce masha Allah. Abin da Baballe ya ce a yi shi aka yi, minti biyu bayan an zaunar da shi. Ban ji wanda ya ambaci haka ba, a ranar ko bayanta. Abin da na ji ana faɗa a wajen rabon abinci shi ne 'yar Baballe ta rikice, wata mata kuma ta ce ai kunnen gado ne.

Muhsina ta karɓi allonta tare da sauran. Tun daga ranar ba a sake jin ta ɗaga murya da karatu ba. Tana yi, in ji Zuliha, amma a zuci, leɓe kawai ke motsi. Ubanta ya taɓa haɗa makirfo a ɗaki ya roƙe ta aya ɗaya, ta ce, Baba ka yi haƙuri, ta fita. Shi kuma ya mayar da maɓallan duka tsakiya ya ɗiga musu jan fenti don kada hannunsa ya sake kai su wani wuri. Idan ka wuce ta bayan gidan da yamma za ka ji sauti mafi daɗi a duk ƙasar Kura yana fitowa ta taga. Mai shi yana ciki, ya ɗora tafin hannu a kan katako yana jin rawarsa. Mudassiru ya sayar da gwangwanaye da yawa a shekarar, domin a ɗaki, a gefen gado, ba su da laifi.

Shekara ta zagayo, walima ta matso. Kwamitin makaranta ya zauna, kowa ya yarda ba za a sake abin bara ba. Shekaranjiya da safe aka aiki Dattijo gidan Baballe da amalanke biyu. A zaure ya same shi, ya tsaya a gabansa yadda zai ga bakinsa, ya gaya masa saƙon da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Malam Isma'ila yana gaisuwa. Yara talatin da biyu ne za su yi sauka bana, kuma iyayensu suna so a ji su. Ana roƙon akwatunan fili da duk abin da ke tafiya da su. Mudassiru zai kula da maɓallai.

"Kayan kawai ake so," in ji Dattijo. "Kai ba sai ka wahalar da kanka ka zo ba."

Baballe ya juya. Ya shiga gida, ya bar Dattijo a tsaye. Har yanzu da nake maka maganar nan amalanken suna ƙofar gidan, an jingina su da bango, makullin ɗakin kuma yana aljihunsa. Yaran nan talatin da biyu babu wanda ya yi masa dariya a cikinsu, iyayensu ne suka yi. To kai da ka zauna ka ji duka, da makullin a aljihunka yake, za ka buɗe musu?